Yadda Za Ka Yanke Wa Gwanin Hoki Hukunci Ko Ba Ka Taɓa Taka Ƙanƙara Ba

Duk wanda abincinsa ya kai shi Kanada zai tarar da mutane masu sanyin hali a kan komai, ban da hokin ƙanƙara. Za ka taka mutum a cikin bas, shi ya riga ka ba da haƙuri. Amma ka ce ɗan bayan kulob ɗinsa ya tsufa, nan take jijiyar wuyansa za ta miƙe. Ni na ga haka wata safiya a Ottawa, muna kwashe dusar ƙanƙara a ƙofar gida ni da maƙwabcina, wani dattijo ɗan fansho da ya ɗora rigar wasa mai lamba 65 a kan rigar sanyinsa. Ya dogara da shebur, ya leƙo ni ta saman tabarau, ya ce, "Yaro, faɗa mini gaskiya. Erik Karlsson har yanzu yana sahun manya, ko ya ƙare?" Na ce, "Baba, ni ko faifan da suke bugawa ba na iya gani a talabijin." Ya ce ai wannan ba uzuri ba ne, rabin masu musun ma ba ganinsa suke ba.

Tun daga ranar na dage da sauraron masana, har na haɗa waɗannan shawarwari domin amfanin duk wanda aka tare da irin wannan tambaya. Abin da kake bukata na ilimi kaɗan ne. Kowane ɓangare yana da mutum shida a fili: gola, 'yan baya biyu, 'yan gaba uku. Ana yin minti 60 a kashi uku. Wanda ya ci ko ya taimaka aka ci yana samun maki ɗaya. A gasar NHL kuma, kowace shekara marubuta wasanni na jefa ƙuri'a su ba ɗan bayan da ya fi kowa kyautar Norris. Karlsson, ɗan ƙasar Suwidin da aka haifa a 1990, ya ci ta sau uku: 2012, 2015 da 2023. Shi ke nan, ka zama masani. Sauran duk dabara ce.

Shawara ta ɗaya: yanke hukunci tukuna, hujja ta biyo baya

Sabon shiga ne kawai yake duba alƙaluma kafin ya yi magana. Ƙwararre yana tashi da hukuncinsa tun daga gida. In kai ɗan Ottawa ne, wanda ya ga yaron tun da aka ɗauko shi a 2008, to a wajenka yana nan daram har ranar da zai ajiye sanda. In kai ɗan San Jose ne, inda ya koma daga Ottawa, amsarka ta danganta da shekarar da aka tambaye ka. In kuwa ɗan Pittsburgh ne kai, wanda aka kawo masa shi a watan Agustan 2023 yana ɗauke da sabuwar kyauta, sannan kulob ɗin ya kasa shiga zagayen neman kofi a 2024 da 2025, to ba sai na faɗa maka abin da za ka ce ba.

Shawara ta biyu: kowane ɓangare da alƙaluminsa

Allah Ya hutar da masu musu a kakar 2022-23, domin a cikinta Karlsson ya ba kowa makami. Ya tara maki 101, ya ci 25, ya taimaka aka ci 76. Rabon da wani ɗan baya ya kai maki 100 tun Brian Leetch a kakar 1991-92. In kana goyon bayansa, faɗi wannan da ƙarfi, ka sha shayinka, ka yi shiru.

In kana adawa, kada ka karaya. A wannan kakar dai, lissafin ci-da-a-ci-ka ya nuna yana da ragin 26. Ga yadda ake lissafin: duk lokacin da kulob ɗinka ya ci kana cikin fili, a ƙara maka ɗaya, duk lokacin da aka ci ku kana ciki, a rage ɗaya. Ba a lissafa cin da aka yi sa'ad da ɓangaren da ya ci ya fi ɗayan yawan mutane saboda an kora wani zuwa akurkin hukunci. Sai ka gyara zama ka ce, "Wane irin mai gadi ne wannan, ana ta shiga gidan da yake tsaro?"

Abin da ba za ka taɓa faɗa ba shi ne, lissafin nan kuɗin goro yake yi. In gola ya yi barci, a rage maka. In abokin tsaronka ya zame ya faɗi, a rage maka. San Jose ta wancan lokacin tana can kusa da ƙasan tebur, kuma hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka. Kada kuma ka bari abokin musunka ya tuna cewa Nicklas Lidström na Detroit ya ci Norris ɗinsa ta bakwai a 2011 yana da ragin biyu. In ya tuna, ka ce ana kiranka a waya.

Shawara ta uku: nemi kalma mai nauyi

Idan musu ya fara fin ƙarfinka, jefa kalmar Corsi. Sunan wani kocin gololi ne, Jim Corsi, aka laƙaba wa wani lissafi mai sauƙi: harbi nawa kulob ɗinka ya yi zuwa raga kana cikin fili, nawa aka yi muku, har da wanda ya kauce da wanda aka tare. Amfaninsa shi ne yana nuna a gidan wa ake wasan. Kai dai kada ka yi wannan bayanin. Ka ce kawai, "Ka duba Corsi ɗinsa kuwa?" sannan ka girgiza kai a hankali kamar likitan da ya ga hoton ƙirji. Girgiza kan nan tana aiki ko kana yabo ko kana kushe, kuma ba wanda zai yarda ya nuna bai gane ba.

Shawara ta huɗu: ɗauki sakan goma ka mai da su shekara

Ɗan baya na sahun gaba yana yin kusan minti 25 a kowane wasa, yana shiga yana fita a ƙasa da minti ɗaya-ɗaya. Ba mai lokacin kallon wannan duka. Nemi ɗan guntun bidiyo a wayarka. In kushe kake so, ɗauko inda ya yi gaba da faifan, aka ƙwace, yana dawowa yana kallon bayan ɗan gaba kamar wanda mota ta bari a tasha. In yabo kake so, ɗauko inda ya wurga faifan daga bayan ragarsa ya faɗa daidai kan sandar ɗan'uwansa a can tsallake. Dukansu biyun gaskiya ne, kuma sau da yawa a wasa ɗaya suka faru. Ka nuna naka, ka ce gani ya kori ji, ka mayar da waya aljihu kafin bidiyo na gaba ya buɗe.

Shawara ta biyar: a tambayi kwalliya kuɗin sabulu

Wannan ita ce sandar da ba ta karyewa. A 2019 Karlsson ya sa hannu a kwantiragin shekara takwas na dala miliyan 92, wato miliyan 11.5 a shekara. A gasar da aka ƙayyade wa kowane kulob iyakar abin da zai kashe a albashi, kuɗin da aka ba mutum ɗaya an hana wasu biyu ne. Don haka da ya kawo maki 56 a kakarsa ta farko a Pittsburgh, da 53 a ta biyu, sai ka ce kwalliya ba ta biya kuɗin sabulu ba. Da wani yaro mai ƙaramin albashi ne ya kawo maki 56, da an yi masa biki. Amma kai ba yaron kake tuhuma ba, kana tuhumar takardar banki.

In kana Ottawa, akwai ƙarin gishiri. Da aka sayar da shi ga San Jose a 2018, cikin waɗanda aka karɓo har da wani matashi mai suna Josh Norris. An ba da mai kyautar Norris, an karɓi mai sunan Norris. Dattijon maƙwabcina har yau bai ga abin dariya a nan ba.

Shawara ta shida: shekaru da rauni, wuƙa mai baki biyu

A watan Fabrairun 2013 ƙarfen takalmin wani abokin hamayya, Matt Cooke, ya yanke wa Karlsson agarar ƙafa, ya dawo fili cikin kusan mako goma. A 2017 ya buga zagayen neman kofi da tsagewar ƙashi a diddige, ya tara maki 18 a wasa 19, har Ottawa ta kai wasa na bakwai da Pittsburgh, aka fitar da ita a ƙarin lokaci na biyu. Masoyi zai ce wannan namiji ne. Mai adawa zai ce jiki magayi, ƙafar nan ta gama aikinta. Duka ku yi amfani da labari ɗaya.

Sai dai ka yi hattara da binne mutum da ransa. A kakar 2020-21 maki 22 kacal ya samu a wasa 52, masana suka yi masa salla suka watse. Bayan shekara biyu ya dawo da 101. Mark Giordano ya ci Norris a 2019 yana da shekara 35, Lidström kuwa ya haura 40 lokacin da ya ci ta ƙarshe.

Shawara ta bakwai: kada ka yarda a fayyace "sahun manya"

Nan asirin yake. Mutum nawa ne manyan? Uku? Goma? Ashirin? Kuma aikin ɗan baya ci ne ko hana ci? Su kansu masu ƙuri'ar ba su daidaita ba. A 1983 sun ba Rod Langway na Washington kyautar alhali ci uku ya yi a kakar duka. A 2016 Karlsson ya tara maki 82 a wasa 82, suka ba Drew Doughty mai 51. A 2023 kuma suka bi maki. In aka matsa maka, faɗaɗa sahun ko ka ƙuntata shi daidai bukatarka. In duk ta ƙi, ka ce ai bai ɗaga Kofin Stanley a Ottawa ko San Jose ba, ka yi addu'a kada a tuna Ray Bourque, wanda ya ci Norris sau biyar amma sai a 2001, a wasansa na ƙarshe, ya taɓa kofin.

Shawara ta ƙarshe, wadda ba a so ka bi

Akwai hanya mai gajiyarwa da ke ba da amsar gaskiya. Ka kalli wasa goma cikakku. Ka lura da wanda koci yake turawa in ana neman ci saura minti ɗaya, da wanda yake turawa in ana kare ci ɗaya saura minti ɗaya. Ɗan bayan da ake turawa a duka biyun, a kan gwanayen abokan hamayya, shi ne babba. Wanda ake turawa a ɗaya kawai gwani ne mai fanni.

Na gwada wannan, na koma wa dattijon da amsa. Na ce, "Baba, komai ramar giwa ta fi kwando goma, mutumin ka har yanzu ya fi yawancin 'yan baya iya fitar da faifai daga gida. Amma zamani na Cale Makar ne, mai Norris a 2022 da 2025, da Quinn Hughes mai ta 2024. Sarki goma, zamani goma." Ya yi shiru, ya kwashi dusa cikin shebur ya watsa gefe, ya ce haka aka faɗa masa a 2021.

Don haka, mai karatu, in an tambaye ka, ka yanke hukuncinka da ƙarfin murya kamar kowa. Amma in za ka rubuta shi, rubuta da fensir, kuma kada ka yar da magogi.