Masu Shirin Buɗar Dawa

A ƙauyukan Arna na kwarin Maraɗi da na Maguzawan ƙasar Katsina, da an gama kaka an cika rumbuna, sai hankali ya koma kan buɗar dawa, ranar da ake yi wa iskoki yanka a buɗe wa mafarauta daji. Ranar biki ta maza ce da cika bakinsu, amma halin kowa a madafa yake fitowa, tun saura mako guda.

Uwar giya ce mai mulkin wannan mako. Ita ke jiƙa dawa, ta shimfiɗa ta lulluɓe har ta yi tsiro, a shanya, a niƙa, a dafa a manyan tukwane, a tace, a bar ta ta tashi. In giya ta riga biki da kwana biyu ta yi tsami, in ta makara baƙi su sha kunu, kuma duk laifin a kanta. Shi ya sa ba a tunkararta sai da lallami. Maigida kansa in ya leƙo, rabonsa bai wuce "Matsa mini daga bakin murhu!" ba.

Yana matsawa sai ga Sarkin Ɗanɗano da 'yar ƙwarya a hammata. Bai faskara itace ba, bai ɗebo ruwa ba, wai shi dai harshensa ne ya san nunar giya. "Iya, da saura kaɗan," in ji shi safe da yamma, tukunya kuwa sai raguwa take.

Ita ko Da-sauran-lokaci, kalwarta na nan cikin buhu, alhali daddawa sai ta kwana uku a rufe. Daren jajibiri ake ganinta gida-gida: "Yaya, a san mini kuka, da 'yar kanwa in akwai."

Kada a manta da tsohon da ya keɓe wa Kure, ɗaya daga cikin iskokin, jan zakara tun da damina. Gero tsaba yake watsa masa, jikoki na kallo suna haɗiyar yawu.

Wanda ya fi burge ni shi ne maƙwabci Musulmi. Daga bakin ƙofa yake fara a'uziyya. Giya da naman tsafi ba ya taɓawa, kowa ya sani, don haka tuni aka ware masa kaza ya yanka da hannunsa. "Ai wucewa nake yi, Baba," in ji shi, ga akushi ya turo babbar riga ta gefe.