Ku Kifa Taragon Tukuna, Sannan Ku Yi Dariya

Na hango bakinku tun daga nan. Kun ji an ce a Ingila akwai dattawa masu furfura, wasu har da jikoki, da ke zuba kuɗi suna tara 'yan taragun jirgin ƙasa na wasan yara, sai kuka taɓe baki. Alhaji ma cewa ya yi ƙoshi ne ke kawo haka. Sannu Alhaji. Kai da ka ba da kuɗin rago a kan tattabara guda saboda launin wuyanta, yau kai ne mai tuhumar wani da ɓarnar dukiya? Gyara zama, shayinka bai huce ba.

Gaskiyarku ɗaya ce: don yara aka ƙera su. Frank Hornby, mutumin Liverpool wanda ya ƙirƙiro kayan wasan Meccano, ya fara sayar da jiragen wasa a 1920, manya waɗanda ake yi wa wani kamar agogo, faɗin layinsu milimita 32. Ya rasu a 1936, sai a 1938 kamfaninsa ya fito da ƙanana, Hornby Dublo, masu tafiya a kan layi mai faɗin milimita 16.5. Yaran da aka saya wa su ne suka tsufa, kayan kuma suka tsufa tare da su. Daga nan wasa ya ƙare, bincike ya fara.

Miƙa wa gwani tarago ka ga abin da zai yi. Ba zai tsaya kallon fenti ba, kifa shi zai yi ya duba ciki. Can ne sunan maƙera yake, can ne kuma maƙalin da ke haɗa tarago da ɗan'uwansa. Na Dublo kafin Yaƙin Duniya na Biyu ɗan falalen ƙarfe ne. Bayan yaƙi suka koma wani irin ƙugiya da kamfanin Peco ya ƙirƙiro. Tri-ang, kishiyarsu, nata daban ne, ba sa riƙe hannun juna. Sai ƙafafu. Tsofaffin Dublo a kan layi mai ƙarfe uku suke tafiya, na tsakiya ne ke ɗauke da lantarki, don haka ƙafafunsu da sandar da ta haɗa su duk ƙarfe ne. A 1959 aka fito da layi mai ƙarfe biyu, ƙafafu suka koma roba. Ɗora tsohon tarago a kan sabon layi, wuta ta haɗe, jirgi ya tsaya cak. To Malam, kai da ka ce duk ɗaya ne, ga tarago nan ya ƙaryata ka ba tare da ya buɗe baki ba.

Akwai wani ɗalibi a bayan can da ke ɗaga hannu. Ya ce ai abin mai sauƙi ne, a karanta rubutun jikin taragon. Madalla, ka yi karatu. Daga 1923 kamfanoni huɗu ne ke riƙe da reluwen Birtaniya, LMS da LNER da GWR da SR, har gwamnati ta haɗe su a 1948. Saboda haka, in ji ka, tarago mai LMS a jiki ya girmi 1948. Ka faɗa rami, ɗan samari. Masana'antar Hornby da ke Binns Road ba ta yi gaggawa ba, ta ci gaba da buga tsofaffin haruffan nan har 1953. Rubutun na faɗa maka jirgin da aka kwaikwaya ne, ba shekarar da aka ƙera ɗan kwaikwayon ba. Shi ya sa ake haɗa shaidu: haruffa, maƙali, ƙafafu, da abin da aka yi gangar jikin da shi, gwangwani mai zane ko kuwa roba, wadda Dublo ta fara yin taragu da ita a 1958.

Ni abin da ya fi burge ni shi ne aibin kayan ma shaida ne. Taragun fasinja na farko da Tri-ang ta yi a farkon shekarun 1950, da wata roba aka yi su wadda ke motsi da tsufa. Yau za ka gan su a lanƙwashe, rufin ya ɗage. Ku kuna ganin shara, gwani yana ganin takardar haihuwa. Wasu na kafin yaƙi kuma, a Ingila da Jamus, cutar ƙarfe ke cin su: darma ta gurɓata tutiyar da aka zuba su da ita, sai ƙarfen ya kumbura, ya tsattsage, ya dagargaje. Ba magani. Wanda ya tsira lafiya, shi ne mai tsada.

Jamusawa fa? Kamfanin Märklin na garin Göppingen tun 1859 yake, ya girmi Hornby nesa ba kusa ba. Faɗin layinsu ɗaya da na Ingila, amma taragonsu kashi ɗaya ne cikin 87 na ainihin jirgi, na Ingila kuwa ɗaya cikin 76, domin injinan lantarkin wancan zamani sun ƙi shiga cikin 'yan kawunan jiragen Birtaniya, sai aka ƙara musu jiki aka bar layi yadda yake. Har yau masu tarawa suna gardama a kai, kuma ba su da niyyar dainawa.

Saura ku biyu da nake tsoro. Malam, na ji kana cewa in naka ne za ka kai wa mai fenti ya goge tsatsar ya sabunta shi. Don Allah kada ka yi. Sabon fenti na karya farashi, masu tarawa sun fi son ƙujewar asali. Ke kuma Hajiya, kwalin nan mai ratsin shuɗi da fari da kika ce zai yi miki kyau da allura da zare, shi ke nuna taragon na layi uku ne, mai ratsin ja kuwa na layi biyu, kuma tarago da kwalinsa ya fi tarago tsirara daraja. Ajiye shi, zan nemo miki gwangwanin madara.