Zai Girma a Ciki

Goman ƙarshe na azumi, wanda ake ce wa goma na ɗokin sallah, lokaci ne da Kantin Kwari ba ya shiguwa, teloli suna kashe waya, yara kuma suna leƙa leda sau biyar a rana don su tabbatar takalmin yana nan. A daidai wannan lokaci ne wata cuta ke kama manya. Mutum da furfurarsa a gemu zai ga yaro ya gifta da sabuwar hula, sai ya yi ajiyar zuciya ya ce, "Allah sarki, zamaninmu." An buɗe hira ke nan, daga idar da asham har dare ya raba. Masu wannan cuta kuwa ba iri ɗaya ba ne. Wanda ya zauna a majalisa ko ya shiga gidan suna ya kasa kunne zai iya ware su kamar yadda ake ware goro a kasuwar Mariri.

Mafi yawansu 'yan "zai girma a ciki" ne. Wannan shi ne wanda tun yana ɗan shekara shida mahaifinsa ya riƙe masa hannu zuwa wurin tela, tela ya ɗora tef ya auna, uban ya ce, "Malam, ƙara masa inci uku." Hannun kaftani ya haɗiye yatsu. Wando an naɗe ƙafarsa sau uku, an ɗaure mazagi a wajen ƙirji. Takalmi an cusa masa takarda a gaba, hula kuwa ba ta tsaya ko'ina ba sai da kunnuwa suka tare ta. Haka ya tafi idi yana share wa jama'a hanya. Abin da ba ya faɗi a majalisa shi ne bai taɓa girma a cikin ba, domin kafin jikinsa ya cika rigar ta riga ta koɗe, gwiwar wandon ta ɓule. Yau yana ba da labarin yana dariya har da hawaye. Amma a bi shi shagon tela gobe da safe a ji abin da zai ce game da ɗansa. Inci uku ne, bai rage ko ɗaya ba.

A gefensa akwai ƙaninsa, magajin kwance, wanda ba ya cika sa baki a hirar. Rigar da ta yi wa Yaya yawa ita ce ke isowa gare shi bayan sallah uku, da tabon miyar taushe a gaba da aljihu ɗaya a ɗinke. In ya yi sa'ar sabon abu, to daga dilar gwanjo ta Ƙofar Wambai ne, wata rigar sanyi mai rubutun da har yau bai san ma'anarsa ba. Shekarar da yake tunawa da daɗi guda ce, wadda Baba ya sayo bandir ɗin yadi aka yanka wa kowa anko, maza da mata, babba da yaro. Ankon nan yana da amfanin da ba a cika yaba masa ba: in yaro ya ɓace a turmutsutsun hawan Daushe a Ƙofar Kudu, ba sai an tambaye shi sunan ubansa ba, rigar kawai za a duba a nemi masu irinta. Ragowar yadin kuma ta zama rigar matashi da labulen ɗakin Inna, har baƙo ya rasa gane inda yaro ya ƙare da inda labule ya fara.

Sai Hajiya masaniyar atamfa, wadda ta fi kowa hujja. Ita ba ta sayen turmi sai ta murza shi tsakanin yatsu, ta shinshina, ta juya bayansa, ta karanta rubutun gefe, sannan ta taɓe baki ta ce, "Wannan ai leda ce." Daga nan za ta jero su kamar tana kiran sunayen 'yan'uwanta da suka riga mu gidan gaskiya. Holan, wadda kamfanin Vlisco ke bugawa a garin Helmond, kamfanin da aka kafa tun 1846. Ingila ta kamfanin ABC da ke kusa da Manchester, kafin a mayar da aikin Ghana. Shadda gezna ta ƙasar Ostiriya, wadda in masu bugu suka gama da ita sai ta riƙa ɗaukar ido tana amsa amo. Duk gaskiya ne. Inda Hajiya ke ɗan karkata labari shi ne wurin wanda ya sa su. Holan ɗin ta mahaifiyarta ce, tana ƙasan akwatin ƙarfe tare da kafur, ba ta fitowa sai biki ya kai biki. Ita Hajiya a lokacin 'yar Kaduna ake yanka mata, riga da zani da ɗankwalin da ba ya zama a kai.

Sai dai ko a nan ba a yi mata musu da yawa, don 'yar Kadunan ma ta cancanci a yi kewarta. A 1957 masaƙar KTL ta fara aiki a Kakuri da ke Kaduna, a zamanin Sardauna. UNTL ta biyo baya a 1964, ga Arewa Textiles, ga wasu a Kano da Funtuwa da Gusau, suna saƙa audugar da manoman arewa suka noma. Dubban magidanta da albashin masaƙa suke yi wa 'ya'yansu kayan sallah, da yadin da su da kansu suka saƙa. Rashin wuta da tsadar man inji da kayan fasa-ƙwauri suka taru suka durƙusar da su ɗaya bayan ɗaya, har UNTL ta rufe ƙofa a 2007. Yawancin abin da ke jibge a Kwari yanzu daga Sin yake zuwa. Saboda haka in Hajiya ta ce atamfar da ba ta zuba, a bar ta ta faɗa, ko da kuwa akwai waɗanda suka tuna ranar da wani jan zaninta ya rina wankin gidan gaba ɗaya.

Mai lissafi shi ba ruwansa da launi ko ɗinki. Farashi yake kewa. Zai ce da Murtala guda, wato takardar naira 20 da ta fito a 1977, an yi masa riga da wando da hula da takalmi har an dawo da canji. Zai kawo ƙarin albashin Udoji na 1974, lokacin da ma'aikata suka cika kasuwa suna sayen rediyo da babur da leshi, sannan ya sauke murya ya ambaci shirin tattalin arziki na SAP na 1986 kamar mai ba da labarin rasuwa. Ba ya taɓa faɗin nawa ne albashin mahaifinsa a wata. Ba ya kuma tuna cewa a duk cinikin nan ko sisinsa babu, shi dai an kai shi ne an auna.

Akwai kuma wanda abin da ya rage masa daga yarinta ƙulli ne. Shekara talatin ke nan bai yafe wa telan unguwarsu ba. Tun azumi na da kwana biyar aka kai ɗinki, kullum ya je sai a ce, "Saura maɓalli, dawo bayan la'asar." Daren sallah ya kwana a kan bencin shagon, yana kallon ƙafar tela a kan keken Butterfly, NEPA ta ɗauke wuta, aka kunna aci-balbal. Da asuba aka miƙo masa rigar da zafin dutsen gugar gawayi a jikinta, babu aljihu, wuyan ko sarƙa ba a yi masa ba, ga alamar alli tun daga kafaɗa har ƙasa. Wannan mutum yanzu tun watan Sha'aban yake kai ɗinkin 'ya'yansa, kuma kullum sai ya biya ta shagon ya yi sallama, wai gaisuwa ce kawai ta kawo shi. Shi kuwa tsohon telan, in aka tuna masa, cewa yake yaran da sun fi haƙuri.

Ɗan gayun sallah ya fi su duka nishaɗi, domin shi bai ɓoye komai ba. Duk shekara Cortina ɗin Bata yake ja zuwa makaranta, ruwan ƙasa, mai maɗauri, wanda ba ya mutuwa ko an so ya mutu. Ranar sallah kaɗai yake fansa. Ga tabarau na roba, kore ko ja, wanda ke mayar da duniya duka launi ɗaya har ya riƙa tuntuɓe. Ga agogon roba wanda allurarsa fenti ce, tun da aka saya ƙarfe uku yake nunawa, amma duk wanda ya tambaye shi lokaci sai ya ɗaga hannu ya duba da gaske. In gidansu da hali, ga takalmi mai wuta a dunduniya. Kamfanin LA Gear na Amurka ne ya yi tashe da irinsa a 1992, kafin kwaikwayonsa ya cika kasuwannin nan. Matsalar ita ce wutar ba ta ganuwa da rana, don haka yaron yakan ƙagu magariba ta yi, ya riƙa buga ƙafa a zaure har a kore shi. Kwana uku batirin ke yi. Kuɗin barka da sallar da ya tara kuwa a ƙofar gidan zu suke ƙarewa, tsakanin mai alawa da mai balan-balan.

Na ƙarshe shi ne mai musu, kuma ya kasu biyu, mace da namiji. Namijin Alhaji ne yanzu, shi ke tsare samari a ƙofar masallaci yana faɗa a kan matsattsen wando da askin banza, yana cewa su a zamaninsu kamala aka sani. Macen kuwa ita ce Anti mai yi wa 'yan mata wa'azi a kan yawan kwalliya. Dukansu lafiya lau suke har ranar da wata Goggo ta zo da tsohon albam. Sai ga Alhaji a shagon mai hoto, ya tara suma kamar kwando, wando ya matse cinya ya buɗe a ƙasa kamar bakin algaita, takalmi mai tudu, maɓallan riga uku a buɗe, ya dafa wata wayar tarho da ba a haɗa ta da komai ba, bayansa labule mai zanen jirgin sama. Wannan shiga ba daga sama ta faɗo ba, daga silima ta fito. Wanda ya yi layi a Plaza ko Orion ko El Dorado ya kalli Disco Dancer na 1982 ya san inda aka samo tsayuwar. Hoto na gaba kuma ga shi cikin tazarce har idon sawu, rigar da ta ci sunan kiraye-kirayen Abacha ya zarce a 1998.

Anti ma ga ta nan, 'yar shekara tara, an zambaɗa mata hoda fuska ta yi fari wuya ya yi baƙi, kwalli ya zarce har kusa da kunne, an jera mata ɗige-ɗige daga goshi zuwa karan hanci, jambaki ya haura leɓe. Hannu ya sha lalle dungulmi, awarwaro har gwiwar hannu, kitson shuku ya ɗaure fatar kai har girarta ta ɗaga. A saman duk wannan an kafa mata ɗaurin Maryam Babangida, wanda ya mamaye gidajen biki tun bayan da matar shugaban ƙasar ta fito da shirin Better Life a 1987. A wani hoton kuma ture-ka-ga-tsiya ne, ya karkato gaban goshi kamar zai faɗo.

Alhaji zai karɓi albam ɗin ya nisanta shi da ido, ya matso da shi, ya ce wannan ƙaninsa ne, ai suna kama. Anti za ta ce dole aka yi mata. Goggo ba za ta ce komai ba, sai ta juya bayan hoton, inda mai shagon ya buga hatiminsa, wani kuma ya rubuta cikakken suna da biro.

Mai karatun da ya san yana da irin wannan hoto a ƙasan akwati ya kwana da sanin cewa yaran gidan sun san inda makullin yake, kuma wayoyinsu duka suna da kyamara.