Wanda Zai Tsaya Maka a Ƙasar Wasu

A Tambuwal da Kebbe, in aka ce ɗan wane ya samu aikin koyarwa a wata jami'a a Amurka ko Ingila, dangi sukan ɗauka hawa jirgi kawai ya rage. Jirgin nan shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Kafin shi akwai maganar wanda zai tsaya wa mutum, kuma ita ya kamata iyaye da matan malaman nan su fahimta, domin ita ke hana wasu zuwa gida sallah shekara da shekaru.

Duk wanda ya taɓa kai shanu kurmi ya san fatoma. Shi ke saukar da baƙo, shi ke lamunce masa a kasuwa, in rigima ta tashi shi ake nema. To jami'a a can fatoma ce mai rajista da gwamnati. Malami ba ya neman bizar aiki da ƙafarsa. Jami'ar da ta ɗauke shi ce ke rubuta wa hukuma cewa ga baƙonta, ga aikinsa, ga albashinsa. A Amurka sunan bizar H-1B. Kamfanoni na rububin guda 85,000 da ake rabawa a shekara, har sai an jefa ƙuri'a, amma jami'o'i ba sa bin wannan layi. Ana ba da ita ta shekara 3, a sabunta ta kai 6. A Ingila jami'a ce ke ba da lambar shaidar ɗaukar nauyi, da lambar ake neman biza.

Takardar manne take da aikin. Ran da aiki ya ƙare, an ba mutum kwana 60 ya samu wata jami'ar da za ta tsaya masa, ko ya haɗa kayansa. Mai digiri uku da furfura kwana 60 ne, sabon ɗauka ma kwana 60.

Zama na dindindin kuwa shi ne inda ake buƙatar haƙuri. A Amurka sai jami'a ta gamsar da Ma'aikatar Ƙwadago cewa ta tallata gurbin, kuma baƙon nan ya fi duk 'yan ƙasar da suka nema cancanta. An ba ta wata 18 daga ranar da ta zaɓe shi ta shigar da takardun. In wani akawu ya bar fayil ɗin a aljihun tebur har wa'adin ya wuce, sai a sake tallata kujerar da malamin ke zaune a kanta. Zai ga tallar aikinsa a mujalla. Zai rubuta takardar neman aiki, ya sa kwat, ya zauna gaban abokan aikin da suka sha shayi tare jiya, su tambaye shi dalilin da ya sa yake sha'awar wannan jami'a. Dole ya amsa da natsuwa, domin in wani ɗan ƙasa ya zo ya kere shi, magana ta tsaya. A Ingila lissafin shekara 5 ne, ko da yake a watan Mayun 2025 gwamnati ta kawo shawarar mayar da shi 10.

Akwai abin da ya kamata a faɗa wa surukai tun da wuri: gurbin mata ɗaya ne a takardar. Mai biyu sai ya yi shawara tun a gida, kuma ba shawara ce mai daɗi ba. A Amurka ma wadda ta tafi ba a yarda ta kama aiki ba sai takardun mijin sun kai wani mataki, ko da ta fi shi karatu.

Maganar sallah kuma ga ta. Malami na iya zama halal a Amurka alhali bizar da ke manne a fasfonsa ta ƙare. In ya fito, ba ya komawa sai ya bi layin ofishin jakadanci a Abuja ko Legas, ɗalibai na can na jiransa. Don haka in ya aiko da kuɗin rago ya ce a gaishe da Inna, kada a ce ya manta da gida. A Satumbar 2025 kuma Shugaba Trump ya ɗora dala 100,000 a kan sabuwar H-1B ga wanda za a ɗauko daga waje.

Mu ma haka muke yi wa baƙi. Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo, da aka kafa a 1975, ta ɗauko malamai daga Indiya da Pakistan da Masar, kuma har yau baƙon da zai yi aiki a Najeriya sai mai aikin ya tsaya masa gaban hukumar shige da fice.

Kafin a yanka ragon ban kwana, ɗanku ya tambayi jami'ar a rubuce ko za ta nema masa zaman dindindin, kuma a wane wata za ta fara. A Amurka doka ta ce kuɗin talla da na lauya a matakin Ma'aikatar Ƙwadago jami'a ce za ta biya. Dillalin da ya ce a sayar da gona a kawo masa ya sayo takardar ɗaukar nauyi, ɗan damfara ne.