Zuwa ga Tsohon Gidan Waya na Titin Rissik, Johannesburg

Ranka ya daɗe,

Ina sanar da kai cewa saƙonka na safiyar yau ya iso. Ina tsaye a gabanka na saki baki ina kallon hasumiya, sai wata tantabara ta sauke mini nata rabon a kan sabuwar hulata zanna bukar. Ba ambulan, ba kan sarki. Tun 1996 da ma'aikata suka tattara komatsansu suka bar ka, ina jin wannan ne saƙon farko da ya fito daga wajenka ya sami mai shi a kan kari. Kuɗin wanki na yafe. 

Ban raina ka ba, Baba. An gano zinariya a nan a 1886, zuwa 1897 kana tsaye, zanen Sytze Wierda, ɗan Holan mai yi wa gwamnatin Paul Kruger aiki. Ka taɓa fin kowane gini a garin tsawo. Wanda duk ya baro Ingila neman arziki, ta tagarka yake aika wa gyatumarsa ƙaryar cewa ya kusa samu.

To, sarautar nan da aka naɗa maka a 1978, wai kayan tarihin ƙasa, me ta tsinana maka? Ɓarayi sun shiga sun fita kamar gidan ubansu, har ƙararrawa suka sauke. Ƙararrawa fa! Abin da ba ya shiga aljihu, abin da ba shi da wani aiki sai ƙara, aka sauko da shi daga sama, a tsakiyar birni, daura da majalisar dokokin Gauteng, wai ba wanda ya ji. Sai da gobarar Nuwamban 2009 ta lashe cikinka sannan kowa ya tuna kai abin gado ne, aka hau jawabi.

Haba jama'a! Ƙasar da ta iya haƙa rami mai zurfin kusan kilomita 4 don ta cim ma zinariya, ita ce ta rasa kuɗin tsayayyen maigadi? Wa za a gaya wa wannan?

Ka faɗa wa masu naɗin, in sun ratso ta gabanka da jiniya: su buɗe ƙofarka jama'a su shiga su ga abin da ya rage, ko su zo su warware rawaninsu.

Naka cikin takaici,
Wani baƙo daga Kano