Uwargida da Amarya a Akwati Ɗaya

Alhaji mai makarantar nan ta Kontagora abu ɗaya ya roƙe ni: kada uwar garken da ke riƙe da sakamakon ɗalibai ta taɓa mutuwa. Na ce an gama. Na sa faifai biyu, na ɗaura musu aure da mdadm a tsarin RAID 1, duk abin da aka rubuta a ɗaya sai ya sauka a ɗayan. Shi ke nan sai na ce a tara malamai su ga ikon Allah.

Jiya bayan azahar ofis ya cika, har Baba maigadi ya leƙo da sandarsa. Na kashe na'ura, na zare faifai na farko, na ɗaga shi sama kowa ya gani, har da juya shi hagu da dama. Na ce, "Ranka ya daɗe, ka ɗauka wannan ya ƙone." Na danna maɓalli da ɗan yatsa ɗaya, ko kallon allo ban yi ba, Alhaji nake yi wa murmushi.

Murmushin nan ne yake hana ni barci. Ya kai minti guda a fuskata, alhali kowa ban da ni yana karanta saƙon da ke bayana: babu faifan da za a tashi da shi. Hannuna na sama da faifai. Malamin lissafi ya yi tari. Na roƙi Allah a ɗauke wuta in samu abin fakewa, amma ranar sai ka ce daga Kainji aka ja mana waya kai tsaye, fanka ma ƙara gudu ta yi.

Ashe mdadm ɓangarorin da aka ba shi kawai yake kwafa. Farkon faifai, bayit 512 ɗin nan da GRUB ke maƙale ƙafarsa don tada na'ura, ba ruwansa da shi. Sai ka rubuta grub-install a kan faifai na biyu da hannunka. Layi ɗaya tal.

Baba ya matso ya leƙa cikin akwatin, ya daɗe yana nazari.

"Ɗan nan, su biyu ne a ciki?"

"Eh, Baba."

"Ka fitar da ta farkon?"

"Eh."

"To ai kai ka jawo. Amarya ta san komai na gidan, amma mabuɗi yana hannun uwargida. Mayar da ita, ka ba ta haƙuri."

Na fara yi masa bayanin GRUB, ya ɗaga min hannu. "Mata uku gare ni. Mayar da ita."

Na mayar. Na'ura ta tashi garau.

Alhaji ya laluba aljihu ya miƙa wa Baba dubu biyu, sannan ya juyo gare ni.

"Injiniya, ita amaryar nawa ka ce mun saye ta?"