Fasali a Kan Hukuncin Biyan Manomi Don Ya Bar Noma

Ka sani, ya kai mai neman ilimi, ƙasa tana gajiya kamar yadda jaki ke gajiya, kuma masana sun haɗu a kan cewa maganinta hutu. Saɓaninsu ɗaya ne: wa zai biya kuɗin hutun?

Mazhabar Amurka ta ce gwamnati. A dokarsu ta 1985, manomin da gonarsa ke zaizayewa zai sa hannu a yarjejeniyar shekara 10 zuwa 15, ya shuka ciyawa ko itatuwa, ya rataye fartanya, baitulmali ya riƙa aiko masa da kuɗin haya. Abin yana cin kusan dala biliyan 2 a shekara. Turai ta ɗauki irin wannan fatawa a 1988, ta janye ta a 2008 da hatsi ya yi tsada.

Mazhabar Birnin Gwari ta fi zurfi, ta kuma fi araha. A nan kuɗin juyawa suka yi suna hawan tudu. Manomi ne ke biya don a bar shi ya yi noma: kason shuka da damina, kason girbi da kaka. Jami'an karɓa kan zo a kan babura, ba sa ba da rasit, ba su kuma taɓa makara ba. Wanda ya kasa biya, nan take gonarsa ta shiga shirin hutun ƙasa, ba cike takarda, ba hoton fasfo, ba bin layi a sakatariya. Da haka gonaki masu nisa da gari, daga yankin Kuyello har Randagi, suka koma saura, sabara da geza suka miƙe, gwamnati ba ta kashe ko kwabo ba.

Hujja mafi ƙarfi ita ce dajin Kamuku. En'e ta keɓe shi a 1936, aka mai da shi gandun dajin ƙasa a 1999, faɗinsa murabba'in kilomita kusan 1,120. Manufar keɓe daji ita ce rage shigar mutane, kuma an cim ma ta har masu yawon buɗe ido suka ɗauke ƙafa. Giwa da gwanki dai ba a ji ta bakinsu ba.

In aka ce: to ina masarar da a da ake lodawa a manyan motoci? Sai mu ce, wannan mas'ala ce ta ciki, mu kuwa babin muhalli muke karantawa. Mai tambaya ya kai ta wurin mai awo.

Sai dai mazhabar ta fara rauni. A Nuwamban 2024 Gwamna Uba Sani ya sanar da sulhu da masu baburan, aka sake buɗe karar shanu, manoma suka fara komawa sassabe. Akwai kuma shirin ACReSAL na Bankin Duniya, dala miliyan 700 da aka amince da su a 2021 don farfaɗo da ƙasa a jihohin Arewa 19 da Abuja, abin da ke nuna cewa kuɗin kare muhalli suna iya gangarowa in sun ga dama.

Hukunci: duk manomin Birnin Gwari da gonarsa ta huta ba da son ransa ba, yana bin gwamnati hayar waɗannan shekaru, har da kason da ya kai daji. Ya adana lissafinsa da kyau, don ba a riga an gina ofishin biya ba.